Yalobeni Ta Ƙasar Moldoba, Inda Inabi Ne Gero Da Dawa

In mai karatu ya ɗauki taswirar Turai ya dubi gabas, tsakanin Romaniya da Yukren, zai ga wata 'yar ƙasa a maƙale. Kogin Purut ne iyakarta daga yamma, kogin Nistru kuma ya ratsa ta gabashinta. Wannan ita ce Moldoba, faɗinta bai cika murabba'in kilomita 34,000 ba, babban birninta kuwa Kishinau. Mutanenta kan ce siffarta a taswira tamkar nonon inabi take, kuma duk wanda ya taka karkararta a watan Satumba ba zai yi musu gardama ba. Yadda gero da dawa suke a wurin manomin ƙasar Hausa, haka inabi yake a wurinsu. Shi ne abin nomawa, shi ne abin kaiwa kasuwa, da kuɗinsa ake gyara rufin ɗaki, da shi ake aurar da 'ya.

Harshen mutanen Romaniyanci ne, watau ɗan'uwan Italiyanci da Faransanci. A zamanin Tarayyar Sobiyet an tilasta musu rubuta shi da baƙaƙen Rasha, aka kuma laƙaba masa sunan Moldobanci. Ran 31 ga Agusta, 1989 suka koma wa baƙaƙen Latin, a 2023 kuma majalisar ƙasar ta zartar da cewa Romaniyanci ne sunansa a dukan dokoki. Galibinsu Kiristoci ne mabiya ɗarikar Otodoks.

Hanyar Yalobeni

Daga Kishinau baƙo zai shiga ɗaya daga cikin ƙananan motocin haya da suke kira rutiyera, ya nufi kudu. Kafin rabin sa'a ta cika ya bar dogayen benaye a baya, ya shiga gundumar Yalobeni, wadda take gefen yankin tuddai da dazuzzuka da ake kira Kodru. Ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tudu ne da kwari, in an gangara wannan sai a hau wancan. Ƙauyuka suna kwance a cikin kwaruruka inda ruwa yake, su Kosteshti, da Mileshti Mici, da Bardar, da Puhoi, da Suruceni. Gonakin inabi kuwa sun hau gangaren tuddai inda rana ta fi daɗewa.

Abin da zai fara ɗaukar idon baƙo shi ne ƙasar noma. Baƙa ce wuluk, mai maiƙo, in an yi ruwa takan kama takalmi har tafiya ta gagara. A kanta aka jera turakun siminti sahu-sahu, an ɗaɗɗaura waya daga wannan zuwa wancan, itacen inabi ya bi wayar ya yi yaɗo, nonnan suna reto a ƙarƙashin ganye, waɗansu baƙaƙe, waɗansu masu ruwan zuma. A gefen titi akwai jerin wata bishiya da suke kira nuk, mai 'ya'ya da ɓawo mai tauri, wadda mata da tsofaffi kan kaɗe da dogayen sanduna. Har yanzu akan gamu da keken doki ɗauke da akwatunan inabi, mota tana biye da shi a hankali.

Wani abin sha'awa shi ne rijiyoyin bakin hanya. Kusan kowace an yi mata rumfa da ado da fenti, an rataye guga, sau da yawa har da moɗa, domin kowane matafiyi ya sha. A al'adarsu haƙa rijiya a kan hanya sadaka ce, waɗansu kan yi ta saboda iyayensu da suka rasu.

Aikin Shekara Guda

Wanda ya zo da kaka kaɗai sai ya zaci inabi abin ɓagas ne, alhali kuwa ba amfanin gonar da ya fi shi bautar da mai shi. Wanda ya dasa sabuwar gona sai ya jira shekara uku ko huɗu kafin ya ga nonon kirki. Tun cikin Fabrairu da Maris, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, manomi ke fita da almakashi ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana datse rassan bara, yana barin 'yan idanu kaɗan. Nan gwaninta take, domin in ya bar rassa da yawa 'ya'yan za su yi yawa amma ba zaƙi, in kuwa ya wuce wuri wajen yanka ya rage wa kansa kaka. Sa'an nan sai ɗaure rassa a jikin waya, sai noma, sai feshi. Tsohon maganin da suka gada shi ne wani shuɗin ruwa na gishirin tagulla da farar ƙasa, wanda ke kare ganye daga funfuna. Saboda haka ne baƙo kan ga ganyen waɗansu gonaki da turakunsu sun yi shuɗi-shuɗi.

Abokan gābar manomi uku ne. Na farko sanyin da kan dawo ba zato cikin Afrilu ko farkon Mayu, ya ƙone tohon a dare ɗaya. Na biyu fari, wanda ya yi musu mummunar ɓarna a 2007 da 2012 da 2020. Na uku ƙanƙara, wadda cikin minti goma takan kakkarya wahalar shekara. Tun zamanin Sobiyet gwamnati ke da wata hukuma ta musamman mai harba rokoki cikin hadari. Rokokin suna watsa wani sinadari da ke sa ƙanƙarar ta ƙulla ƙanana-ƙanana, ta narke kafin ta iso ƙasa. Baƙon da ya ji ƙara a sama da rana tsaka cikin Yuni kada ya firgita, ba yaƙi ake yi ba, gonaki ake tsaro.

Kaka tana kamawa daga ƙarshen Agusta har cikin Oktoba. A lokacin ba mai zama gida. Suna da tsohuwar al'adar gayya, wadda suke kira kilaka, yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan, mai gona ya ciyar. Ko da yake aikin lada ya ci ƙarfinta, 'yan'uwa da maƙwabta ba su daina haɗuwa ranar yankan inabi ba, har waɗanda ke aiki a Kishinau sukan dawo ran Asabar su sa hannu.

Baƙunta A Gidan Manomi

Gidan ƙauyen Moldoba yana da abubuwa biyu da mai shi ke alfahari da su. Na farko ɗakin da suke kira kasa mare, watau babban ɗaki. Ba a kwana a ciki, an ƙawata bangonsa da dardumai saƙar hannu, an jera matasan kai da hotunan kakanni, ba a buɗe shi sai don baƙo ko biki. Na biyu shi ne beci, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake gangarawa da matakala. Shi ne rumbunsu. A ciki ake ajiye dankalin Turawa, da albasa, da kwalaben tumatir da kokwamba da aka jiƙa a ruwan gishiri domin hunturu, a can ƙurya kuma ga gangunan katako na giyar gida.

Yadda ake yin ta ba wani boyayyen abu ba ne. Ana murƙushe inabin, ruwansa ya fito mai zaƙi kamar zuma. Wannan sabon ruwa suna kiransa must, ba ya sa maye, yara ma suna sha. Amma kwana kaɗan yake yi a haka, domin ƙwayoyin yis da ke jikin ɓawon kan fara cin zaƙin, ruwan ya yi ta kumfa yana tsima har ya juye ya zama giya.

A nan ne baƙo Musulmi zai yi hattara. A wurin mutumin ƙauyen, miƙa wa baƙo kofin giyar da ya yi da hannunsa ita ce iyakar girmamawa, yakan kuwa nace. Abin da ya fi shi ne baƙon ya faɗi gaskiya tun daga bakin ƙofa, cewa addininsa ya hana shi giya da naman alade. Galibi in sun fahimci dalilin sukan daina matsawa, uwargida ta kawo ruwan 'ya'yan itace da ta dafa ta ajiye a kwalba, ko shayi, ko inabin kansa a faranti. Abinci kuwa ba zai yi wa Bahaushe baƙunta sosai ba. Babban abincinsu na gargajiya mamaliga, tuwon masara ne sak, sai dai da zare ake yanka shi, a ci da cukun tumaki da kirim mai tsami. Akwai zama, romon kaza da taliyar gida, akwai kuma filacinte, wata waina mai faɗi da ake cusa wa cuku ko kabeji ko kabewa.

Gari A Ƙarƙashin Ƙasa

Abin da ya fi jawo baƙi zuwa gundumar yana ƙauyen Mileshti Mici. Tuddan wurin na farin dutse ne mai laushi, wanda ya taru a gindin wani teku da ya ƙafe tun zamanin da ba mutum, har yau ana ganin ɓawon ƙananan dabbobin ruwa a jikinsa. Shekara da shekaru ana yankan dutsen ana gine-gine da shi, har aka bar ramuka masu tsawon kilomita 200 a cikin tudun. A 1969 aka mai da su ma'ajiyar giya, ana amfani da wajen kilomita 55 daga ciki.

Da mota ake shiga. Akwai tituna da mararraba da fitilu, kowane titi an sa masa sunan wani irin inabi, su Kabarne, da Aligote, da Feteyaska. A waɗansu wuraren zurfin ya kai mita 80. Rani da hunturu sanyin wurin ba ya sākewa, yana tsakanin digiri 12 da 14, iskar kuma da danshi, abin da masu sana'ar ke nema ke nan ba tare da sun biya kuɗin lantarki ba. A jikin bango an sassaƙa ƙananan taskoki, kwalabe na kwance a ciki ƙura ta lulluɓe su. A 2005 littafin Guinness na abubuwan bajinta ya shaida cewa ba inda aka tara kwalaben giya a duniya kamar nan, wajen miliyan ɗaya da rabi.

Ko wanda giya ba ta dame shi ba zai tsaya ya yi mamakin aikin. Amma tambayar da za ta zo masa ita ce, yaya ƙasa mai irin wannan dukiya ta zama cikin mafi talauci a Turai? Amsar tana cikin tarihi.

Daga Hannu Zuwa Hannu

Moldoba ta yi sarakunanta, mafi shahara shi ne Stefan Mai Girma, wanda ya yi mulki daga 1457 zuwa 1504. Bayansa ƙasar ta yi wajen shekara 300 tana kai gaisuwa ga Sarkin Musulmi na Santambul. A 1812 Rasha ta yanke rabin gabas ta kira shi Besarabiya. A 1918 yankin ya haɗe da Romaniya, a 1940 Sobiyet ta ƙwace, Romaniya ta dawo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944 kuma Sobiyet ta sāke kamawa. Sai ran 27 ga Agusta, 1991 ƙasar ta sami mulkin kai. Kowane sabon mai iko ya zo da nasa ra'ayin a kan gonar inabi.

A ƙarshen ƙarni na 19, wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka, ya cinye saiwoyin inabi ya kashe gonaki. Ba a sami mafita ba sai da aka koyi yi wa inabin aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro, a ɗora reshen irin Turai a kan saiwar irin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau haka ake dashe.

Zamanin Sobiyet ya fara da baƙin ciki. Yunwar 1946 da 1947 ta kashe fiye da mutum 100,000. A daren 6 ga Yuli, 1949 aka kwashe wajen mutum 35,000, galibi iyalan manoma masu ɗan hali, aka cusa su a taragun jirgin ƙasa zuwa Saiberiya. Waɗanda suka rage, don tsoro, suka miƙa gonakinsu ga gandun gama-kai da ake kira kolhoz. Daga nan Masko ta ƙaddara cewa aikin Moldoba shi ne ta shayar da Tarayyar. Aka faɗaɗa gonaki har suka wuce hekta 200,000, aka gina masana'antu, ana cika tankokin jirgin ƙasa ana turawa arewa. Yawa ake nema, ba mai tambayar kyau.

Kwatsam a 1985 Mikhail Gorbachev ya ɗaura yaƙi da shan barasa, saboda yadda maye ke hallaka ma'aikatan Sobiyet. Niyyar ba ta da laifi, amma umurnin da ya iso ƙauyuka shi ne a tumɓuke inabi. Dubban hekta suka tafi, har da irin da ake ci ɗanye. A Mileshti Mici masu yi wa baƙi jagora kan nuna wani ɗaki na ɓoye, inda aka ce ma'aikata sun toshe dubban kwalabe a bayan bango har guguwar ta wuce.

Bayan mulkin kai aka rushe gandayen, aka raba wa kowane ɗan kolhoz rabonsa, abin da bai cika hekta biyu ba, shi ma a warwatse. Mutum ya sami 'yan sahun inabi, amma ba tarakta, ba magani, ba jari.

Ranar Da Rasha Ta Rufe Ƙofa

Duk da haka akwai abu guda da bai sāke ba, watau mai saye. Wajen kashi uku cikin huɗu na giyar da Moldoba ke fitarwa Rasha take zuwa. Ga shi kuwa akwai jiƙaƙƙa tsakanin ƙasashen biyu a kan yankin Transnistriya, tsallaken kogin Nistru, wanda ya ɓalle bayan yaƙin 1992, sojan Rasha na zaune a ciki. A farkon Maris, 2006 Moldoba da Yukren suka tsananta dokar kwastan a kan kayan yankin. Watan bai ƙare ba sai babban duba-garin Rasha, Gennady Onishchenko, ya ba da sanarwar hana shigar giyar Moldoba da ta Jojiya, wai an sami guba a ciki. Mutane ƙalilan ne a Kishinau suka yarda cewa maganar lafiya ce.

Masana'antu suka tsaya, bashin banki ya hau kansu, waɗansu suka rufe har abada. Wanda ya fi shan wuya shi ne ƙaramin manomi, domin inabi ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi. In ya nuna, ko a sayar cikin kwanaki ko ya ruɓe. An sassauta takunkumin a ƙarshen 2007, amma a Satumba, 2013, sa'ad da Moldoba ke shirin ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Turai, Rasha ta sāke rufe ƙofa, a 2014 kuma ta haɗa da tuffa da sauran 'ya'yan itace.

Wannan karon mutanen sun riga sun koyi karatu. In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Tarayyar Turai ta buɗe musu kasuwarta, aka sa hannu a yarjejeniyar ran 27 ga Yuni, 2014. Masu masana'anta suka sayo sababbin injuna, suka rage yawa suka kula da kyau, suka kuma farfaɗo da irin inabinsu na gado, su Feteyaska da Rara Neyagra. Romaniya da Polan da Cek suka zama manyan masu saye, Rasha ta koma baya. Yaƙin Yukren da ya ɓarke a 2022 ya toshe musu hanyar tashar Odesa, ya kuma kwararo musu dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira, waɗanda da yawansu a gidajen talakawa suka sauka. A Yunin shekarar Tarayyar Turai ta karɓi Moldoba a matsayin mai neman shiga.

Dabarar Mutanen Kosteshti

A Kosteshti, babban ƙauyen da ke bakin kogin Botna, an bi wata hanyar dabam. Mutanen sun fi ba da ƙarfi ga inabin ci, musamman wani baƙin iri mai manyan 'ya'ya da ake kira Moldoba, wanda ke nuna a makare, ya kuma jure ajiya. Da manoman suka ga ɗan kasuwa na yi musu wulaƙancin farashi da kaka, sai suka shiga gina ɗakunan sanyi, waɗansu su kaɗai, waɗansu ta haɗa jari, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin Oktoba mata ke zaune suna tsince ruɓaɓɓu da ɗan almakashi, suna jera nonna a akwati. Inabin zai kwana a sanyi har Disamba ko Janairu, sa'ad da farashi ya tashi, kāna manyan motoci su ɗauka zuwa ƙasashen waje. Manomin da da yake roƙon a saya, yanzu shi ke cewa a dakata.

Gidaje A Kulle

Sai dai akwai ciwon da ɗakin sanyi bai warkar ba. Baƙon da ya zaga unguwannin ƙauyukan zai ga gidaje masu kyau, sabon rufi, sabon ƙyaure, amma da kwaɗo a ƙofa, ciyawa ta cika tsakar gida. Masu su suna Italiya, ko Faransa, ko Jamus, ko Ingila, matan suna jinyar tsofaffin Turawa, mazan suna aikin gini. A 2006 kuɗin da 'yan ci-rani suka aiko gida sun kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙasar ta samar. Ƙidayar 1989 ta sami mutum miliyan 4.3 a Moldoba duka, ta 2024 kuwa, ban da Transnistriya, ta sami miliyan 2.4. Yara da yawa a hannun kakanni suka tashi. Gonakin inabi sun ragu zuwa wajen rabin yadda suke a farkon shekarun 1980, kuma da kaka masu manyan gonaki kan rasa 'yan ƙodago.

Tambarin da ƙasar ke liƙa wa kwalabenta hoton farar shamuwa ne da nonon inabi. Asalinsa wata tatsuniya ce, wai an taɓa yi wa ganuwar Soroka ƙawanya har yunwa da ƙishirwa suka kusa gamawa da mayaƙan ciki, sai shamuwoyi suka riƙa jefa musu nonnan inabi har suka farfaɗo. Tsuntsayen suna nan, sukan yi sheƙa a kan turakun lantarki a tsakiyar ƙauye, ba mai taɓa su. A ƙarshen Agusta, tun kaka ba ta yi nisa ba, sukan tashi su bi ta Turkiyya da Masar su gangaro Afirka, waɗansu su yi hunturu a Sudan da Cadi. Cikin Maris, daidai lokacin datse rassa, sai a gan su sun dawo sheƙarsu ta bara.

Wanda ya bar Yalobeni da yamma zai ga gonaki iri biyu a kan tudu guda. Ga wadda aka yi watsi da ita, turaku sun karkace, waya ta yi tsatsa, ƙaya ta shaƙe inabin. Ga kuma sabuwar dashe kusa da ita, 'yan itatuwa ba su wuce gwiwa ba, an ja musu bututun ban-ruwa saboda fari. Wanda ya dasa wannan ya san sai bayan shekara huɗu zai fara cin moriya, ya kuma san gonar za ta yi shekara 30 tana neman hannu kowane Maris. Bai yi wannan wahala ba sai da ya sa rai cewa cikin 'ya'yansa da ke ƙetare akwai wanda zai dawo ya karɓi almakashi.